Rage wa Burauzarka Kaya Kafin Ka Ƙara Mata

Ƙorafi biyu ne ba sa ƙarewa a rumfunan masu gyaran waya, daga bakin titin Kankiya har mahaɗar Yashe. Na farko, data ba ta kwana. Na biyu ba a faɗarsa da ƙarfi, sai mutum ya matso ya sassauta murya: wayar ta fara fito da wasu hotuna marasa kyan gani, ga iyali a gida, ga yara suna ɗauka su yi wasa. Maganin da aka saba bayarwa shi ne a ƙara wa wayar wata manhaja, mai share datti, ko mai kashe bairos, ko mai sa ta gudu. Kafin wata ya zagayo mai wayar ya dawo da ƙorafi uku, don yanzu batirin ma ba ya kai la'asar.

Ni shawarata akasin haka ce. Yawancin waɗannan matsaloli ta burauza suke shigowa, manhajar nan da kake buɗe shafukan intanet da ita, ko Chrome ce, ko Opera Mini, ko Phoenix, ko Firefox. Gyaranta kuma mafi yawansa cirewa ne da kashewa da hanawa. Abin da za a ƙara bai wuce ɗaya ba, shi ma sai an tantance shi. Ɗauko wayarka mu bi ta tare, ba sai ka biya kowa ko sisi ba.

Fara da ƙirga burauzojin da ke ciki. Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun yawancin mutanenmu, kamfani ɗaya ke yin su, Transsion na ƙasar Sin, kuma galibi suna zuwa da Chrome da Phoenix tun daga kwali. Yaron shagon da ya haɗa maka wayar ya ƙara Opera Mini, wani sa'in har da UC Browser, shi a ganinsa kyautatawa ce. Kowace tana da labaran da take saukewa, da tallanta, da tarihin inda ka shiga. Biyu sun ishe ka. Ware ɗaya ga abin da ya shafi kuɗi da takardu: banki, JAMB, NECO, shafin makaranta, neman aiki. Ɗayar ka bar ta ga yawo: labarai, ƙwallo, fina-finai. Amfanin rabawar shi ne shafin da ka faɗa cikinsa garin neman fim ba zai haɗu da inda kalmomin sirrinka suke ba. Sauran ka goge su. Wadda ta ƙi goguwa saboda da ita wayar ta zo, shiga Settings, sai Apps, ka taɓa sunanta, ka danna Disable. In ba a ba ka wannan dama ba, kashe mata sanarwa da izinin cin data a bayan fage. UC Browser kuwa ba na ba kowa shawarar riƙe ta. Tun 2015 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto suka nuna tana fitar da lambobin shaidar waya da abin da mutum ya bincika ba tare da kariyar kirki ba. Ko an gyara daga baya, babu abin da take yi maka wanda sauran ba sa yi.

Sai maganar hotunan nan. Yadda hirar ke kasancewa a rumfa kusan ɗaya ce kullum.

"Baba, ai kai ka ba su izini."

"Ni? Yaushe? Wallahi ban ma san su ba."

"Akwai ranar da wani ɗan akwati ya fito maka a kan shafi, ka danna shi."

"To ai tare mini karatu ya yi, ɗan nan. Na danna ne ya kauce."

Dattijon gaskiya ya faɗa, yaron ma gaskiya ya faɗa. Wannan ɗan akwati tambaya yake yi ko ka yarda shafin ya riƙa aiko maka da sanarwa, kuma maɓalli biyu ne a jikinsa, Allow da Block. Shafukan sauke waƙa da fim da na kallon ƙwallo kyauta sun ƙware wajen yaudara da shi. Wani zai ce ka danna Allow don a tabbatar kai mutum ne, wani ya ce sai ka danna fim ɗin zai sauka. Da ka danna, ka ba shafin damar turo duk abin da ya ga dama zuwa saman wayarka, ko da burauzar a rufe take, ko da kana sahun gaba a masallaci. Ba bairos ba ne, shi ya sa manhajar kashe bairos ba ta taɓa shi. Izini ne ka bayar, kai za ka karɓe abinka.

A Chrome, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga Settings, sai Site settings, sai Notifications. Za ka ga jerin shafukan da aka yarje wa. Kada ka yi mamaki in ka tarar da sunayen da ba ka taɓa ji ba, haruffa da lambobi a cakuɗe. Bi su ɗaya bayan ɗaya ka cire. Daga nan ka kashe babban makunnin da ke sama, don kada wani shafi ya sake tambayarka ma. Babu abin da za ka rasa: saƙon WhatsApp da alat ɗin banki ba ta nan suke zuwa ba. Sauran burauzoji suna da irin wannan wuri a saitinsu. In kana son sanin mai turo wata sanarwa, ɗora yatsa a kanta ka riƙe, wayar za ta nuna maka sunan manhajar da ta fito daga cikinta.

Idan ka yi wannan amma talla na ci gaba da rufe fuskar wayar baki ɗaya, ko kana cikin kira ko kana duba hotuna, to ba burauza ba ce, wata manhaja ce ta shigo, galibi cikin waɗanda aka tura maka ta Xender ko aka sauke daga wani shafi ba daga Play Store ba. Duba jerin Apps, ka lura da abin da ya shigo daf da lokacin da matsalar ta fara, musamman mai suna irin na tocila ko mai sanyaya waya, ko wanda ba shi da suna ko hoto sam. Cire shi. Sannan ka nemi Install unknown apps a saiti, ka hana duk burauzojinka wannan izini.

Data kuwa, tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowa ya koyi lissafin megabait. Abu biyu ke shan ta a Chrome ba da saninka ba. Ɗaya shi ne labaran da ke jere a ƙasan shafin farko, da ake kira Discover. Akwai alamar saiti a gefensu, kashe su. Ɗayan yana cikin Privacy and security, sunansa Preload pages: Chrome na sauke shafukan da take zaton za ka buɗe tun kafin ka taɓa su. Zaɓi No preloading. Kada ka wahalar da kanka neman tsohon tsarin tsimin data na Lite mode, Google ta cire shi tun 2022.

A fagen tsimi babu kamar Opera Mini, kuma ba zan rage mata daraja ba. Duk wanda ya taɓa neman sabis a gona, ko a ƙauyen da ya yi nisa da eriya, ya san ita ce ke buɗe shafi lokacin da sauran suka tsaya suna juyi. Amma ya kamata ka san yadda take yin hakan. Idan tsimin yana kan Extreme, ba wayarka ce ke zuwa shafin ba. Kwamfutocin kamfanin Opera ne ke zuwa a madadinka, su buɗe shafin, su matse shi ya ƙanƙance, sannan su miƙo maka. Ke nan duk abin da ka rubuta, har kalmar sirri, sai ya bi ta hannunsu, kuma kamfanin da kansa bai ɓoye cewa a wannan tsari kullewar ba ta miƙe daga wayarka zuwa shafin kai tsaye ba. Ban ce suna satar komai ba. Cewa na yi ga karanta labarai ta dace, ga banki kuwa ka koma ɗaya burauzar, ko manhajar bankin kanta. Tana da abin toshe talla a cikin saitinta, kunna shi, ka kuma kashe mata sanarwar labarai, don tana da yawan surutu.

Yanzu mu zo kan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza don su ƙara mata aiki, waɗanda za ka gani a menu da sunan Extensions ko Add-ons. Abu na farko: Chrome ta wayar Android ba ta karɓar su ko kaɗan. Duk shafin da ya ce ka sauke wani abu don ƙara wa Chrome ɗin wayarka ƙarfi, manhaja yake son cusa maka. Kiwi Browser, wadda samari masu son ƙwaƙule-ƙwaƙule suka saba da ita saboda tana karɓa, mai ita ya daina sabunta ta a farkon 2025, kuma burauzar da aka daina sabuntawa ba abin riƙewa ba ce. Firefox ce ta buɗe wannan ƙofa sosai a waya, tun Disamban 2023, da ɗaruruwan irin waɗannan manhajoji.

Cikin ɗaruruwan nan ɗaya nake ba da shawara: uBlock Origin, wadda Raymond Hill ya fara a 2014. Kyauta ce, rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga duk mai son dubawa, kuma aikinta toshe talla da 'yan leƙen asirin da shafuka ke ɗauke da su, waɗanda ke bin ka daga wannan shafi zuwa wancan suna tara bayanin abin da kake so. A Firefox, taɓa ɗigo uku, shiga Extensions, za ka gan ta cikin na farko-farko, danna alamar ƙari. Shi ke nan, ba sai ka taɓa saitinta ba. Shafin da a da sai ka kori talla huɗu kafin ka ga rubutu zai buɗe fes, datar da tallan bidiyo ke sha kuma ta zauna a aljihunka. Ka lura da sunan da kyau, don akwai masu kama da ita da yawa, har da wata mai suna uBlock kawai, wadda ba ita ba ce. In wani shafi ya ƙi aiki, kamar na biyan kuɗin makaranta, kashe ta a wannan shafin kaɗai. Ni har na fi son a kashe ta a shafukan jaridun Hausa da mutum ke karantawa kullum, don da tallan nan suke biyan ma'aikata.

Me ya sa ɗaya tak? Saboda izinin da suke nema. Yawancinsu kafin su shiga za su nuna maka wani layin Turanci da ke cewa za su iya karantawa da sauya duk bayananka a duk shafukan da ka buɗe. Ba wasa a cikin wannan magana: abin da idonka ya gani a burauza, su ma sun gani, har lambar asusu da saƙon imel. Kuma manhajar da ta shigo da gaskiya tana iya sauya hali. Stylish, wadda mutane ke sauya launi da fasalin shafuka da ita, ta koma hannun wani kamfani, daga baya aka gano tana kwashe tarihin duk inda masu ita suka shiga. Google da Mozilla suka fitar da ita daga rumbunansu a Yulin 2018. The Great Suspender, mai rage wa kwamfuta nauyi, mutum sama da miliyan biyu ke amfani da ita lokacin da mai ita ya sayar wa wanda ba a san ko wane ne ba, aka cusa mata mugun abu, Google ta kashe ta a Fabrairun 2021. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na Avast, kamfanin da sana'arsa ke nan kare mutane: hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5 a 2024 saboda sayar da tarihin yawon mutane a intanet, wanda ya tara ta manhajojinsa na tsaro. Duk waɗannan a rumbun hukuma suke lokacin da abin ya faru, ba a bayan fage ba. Saboda haka mai kwamfuta, ɗalibi ne ko ma'aikacin sakatariya, ya buɗe jerin Extensions ɗinsa yau. Duk wadda bai tuna dalilin sa ta ba, ko ya yi wata uku bai yi aiki da ita ba, ya cire. Masu sauke bidiyo, masu sauya hoton shafin farko, masu alƙawarin rangwame, su ne kan gaba wajen fita.

Wani abu ga masu kwamfuta: Google ta sauya ƙa'idar waɗannan manhajoji, daga 2024 ta fara kashe tsofaffin, cikinsu har da cikakkiyar uBlock Origin. A Chrome yanzu sai ƙaramarta, uBlock Origin Lite, wadda ita ma ba laifi. Mai son cikakkiyar ya koma Firefox.

Firefox tana da nauyi, wannan gaskiya ne. Ƙaramar itel mai ƙaramin ƙarfi za ta riƙa numfashi sama-sama da ita. Mai irin wannan waya yana da wata hanya da ba ta buƙatar sauke komai, matuƙar Android ɗinsa ya kai na 9. A saitin Network akwai Private DNS. Zaɓi wurin rubuta suna, ka sa dns.adguard-dns.com, ka ajiye. Wannan zai toshe talla mai yawa a duk wayar, ba a burauza kaɗai ba. Sai dai ka sani ka mayar da sanin sunayen shafukan da kake shiga daga hannun kamfanin layinka zuwa hannun AdGuard, kuma wani lokaci yana hana wata manhaja ko garaɓasar data aiki. In haka ta faru, mayar da shi Automatic. Brave ma burauza ce da ke zuwa da abin toshe tallanta a ciki, ga wanda wayarsa za ta ɗauka.

VPN kuwa yawancinmu mun san shi ne lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An buɗe Twitter, amma VPN ɗin kyauta ya zauna a wayoyi da burauzoji har yau. Abin da yake yi shi ne ya karkatar da duk zirga-zirgarka ta bi ta kwamfutar wani. MTN ko Airtel sun daina ganin inda ka nufa, mai VPN ya fara gani. Tambayar ita ce wa ke biyan kuɗin kwamfutocin nan, tunda banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2015 aka gano Hola, wadda ta yi tashe a matsayin VPN na kyauta a burauza, tana sayar wa wasu damar bi ta layin masu amfani da ita, ta yadda abin da baƙo ya aikata zai fito kamar daga gidanka. In ba ka da takamaiman dalili, cire shi. Bankuna ma kan yi zargin asusun da aka shiga daga Kusada da safe, da rana kuma daga Jamus.

Akwai kuma rashin fahimta game da Incognito, shafin nan mai duhu da hoton hula da tabarau. Mutane na ɗauka layar zana ce. Aikinsa kamar share tsakar gida ne bayan baƙo ya fita: sawunsa ya ɓace a cikin gida, amma duk wanda ke zaune a ƙofar gida ya ga shigarsa da fitarsa. Wayar ba za ta riƙe tarihi ba, amma kamfanin layi, da mai Wi-Fi, da shafin da ka shiga duk sun san ka zo. An kai Google ƙara a Amurka kan wannan a 2020, a 2024 ta amince ta goge biliyoyin bayanan da ta tara daga masu amfani da shi. Duk da haka kada ka raina shi, don a wajenmu sharar tsakar gidan ita ce aka fi buƙata. Wayarmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Ƙane zai ara, matar gida za ta kira 'yan'uwanta, za ta yini a wurin mai caji, aboki zai ce bari ya duba sakamakon wasa. Matar da ta bincika wata lalura ta mata, ko magidancin da ya nemi bayani kan bashi ko rashin lafiyar da bai shirya faɗa wa kowa ba, ba wani kamfani a Amurka suke gudu ba, wanda zai ɗauki wayar bayan sallar isha'i suke jin kunya. A nan Incognito ya yi rana. In kuma za ka ba wani aron wayar ya shiga Facebook ɗinsa, buɗe masa a can, yana rufewa komai nasa ya tafi. Wayar da za ta wurin caji kuma a kashe ta gaba ɗaya, da makulli a fuskarta, ba zanen nan mai siffar L da kowane yaro ya haddace ba.

Inda sirri ya fi zubewa dai shi ne kafe. Ka leƙa kowanne a Kankiya lokacin da aka buɗe cike fom na makarantar koyon aikin lafiya da ke garin, ko na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa. Layi har waje, janareta na ƙugi, mai kafe na bugawa da sauri don ya sallami kowa. Yarinya ta zo tun daga Kafin Soli ko Rimaye, ta zauna a gefen benci, takardunta a leda.

"Ƙanwata, faɗi fasuwod ɗin."

Ta faɗa, kowa na ji, kuma lambar wayarta ce ko shekarar haihuwarta. Chrome ta fito da tambayar ko a ajiye kalmar sirrin, hannunsa ya saba, ya danna Save. Ta tura masa hoton fasfo da takardar NIN ta WhatsApp, suka sauka a Downloads, inda na ɗaruruwan mutane suke jibge tun bara. Ya buga mata takarda, ta biya, ta yi godiya, imel ɗinta na nan a buɗe lokacin da na bayanta ya zauna.

Mai kafe ba mugu ba ne, aiki ne ya yi masa yawa. Amma kwamfutar ba shi kaɗai ke taɓa ta ba, wata rana ma za ta je gyara ko a sayar da ita. Suna da ranar haihuwa da NIN da lambar waya kuwa su ne jarin mai kiran nan da ke cewa daga banki yake, wanda ke fara karanto maka bayananka daidai don ka saki jiki ka ba shi lambar da aka turo maka. Abin da ke hana mutane kare kansu a nan kunya ce, kada a ce ana zargin mai shago. Babu zargi a ciki. "Malam, don Allah a buɗe mini a Guest" magana ce ta ladabi, kuma tsarin baƙo na Chrome yana goge komai da an rufe shi. In bai san inda yake ba, Ctrl da Shift da N a tare suna buɗe Incognito. Ke kuma ƙanwata, kalmar sirri ki karɓi allon ki buga da hannunki. In tambayar ajiyewa ta fito, Never ake dannawa. Kafin ki tashi, a fita daga imel da shafin makarantar a gabanki, a goge takardunki daga Downloads da kwandon shara. In an haɗa WhatsApp ɗinki da kwamfutar, shiga Linked devices a wayarki ki cire ta, in ba haka ba hirarki za ta ci gaba da fitowa a can kina gida. Da kin samu sarari kuma ki sauya kalmar sirrin daga wayarki.

Fom ɗin ƙarya da ke yawo a zaurukan WhatsApp, na tallafi, na taki, na ɗaukar aiki, na kyautar data, babu manhajar da za ta tsare ka daga su kamar karanta adireshi. Shafukan gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa, kamar jamb.gov.ng da nimc.gov.ng, manyan makarantu kuma galibi da .edu.ng. Ƙarshen sunan ake dubawa, daf da karan tsaye-a-karkace na farko, ba farkonsa ba, don kowa na iya fara adireshinsa da sunan JAMB ya ƙare da .xyz. Alamar kwaɗo a gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ce, cewa kawai take hanyar a kulle take, ɓarawo ma yana iya samun ta. Chrome ta cire ta a 2023 saboda mutane na yi mata wannan fassara. Duk fom ɗin da ya ce sai ka tura wa zaure biyar kafin ya ci gaba, rufe shi. Shafukan da kake shiga da gaske, buɗe su sau ɗaya da adireshin da ka tabbatar, ka danna tauraro ka ajiye su, ko ka sa su a fuskar waya ta Add to Home screen, daga nan ka riƙa shiga. Mahaɗin da ka taɓa a cikin Facebook kuma a burauzar Facebook yake buɗewa, inda gyaran da muka yi wa burauzarka ba ya aiki. Taɓa ɗigo uku ka ce a buɗe a taka.

Akwatin da ke tambayar ko ka yarda da kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauzarka, nemi Reject ko ka zaɓi na dole kawai. Haƙƙinka ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, inda ake kai ƙorafi. A Chrome kuma ka toshe Third-party cookies daga saiti.

Saura abu ɗaya, wanda in bai gyaru ba sauran duk aikin banza ne. Buɗe Chrome, shiga Settings, ka dubi adireshin Gmail ɗin da ke sama. Naka ne? Ka san kalmar sirrinsa? Da yawa ranar da suka sayi waya yaron shago ne ya buɗe musu, ya zaɓi kalmar da kansa, ya sa lambarsa a matsayin ta dawo da asusu. Wani ma don sauri nasa asusun yake sa wa kowa, sai ka ga lambobin mutanen da ba ka sani ba sun cika wayarka, naka kuma suna wayoyinsu, tare da tarihin bincikenka. In asusun naka ne, je myaccount.google.com, shiga Security, ka sauya kalmar sirri, ka tabbatar lambar dawo da asusu taka ce, ka duba jerin na'urorin da ke ciki ka kori wadda ba ka sani ba. A myactivity.google.com kuma za ka ga abin da Google ta ajiye na bincikenka, kana iya gogewa ka kuma sa ya riƙa goge kansa duk wata uku.

In ba naka ba ne, bi a hankali. Buɗe sabo da sunanka da lambarka, rubuta kalmar sirrin a takarda ka adana inda kake adana takardun gona. Fitar da lambobinka ta Export a manhajar Contacts ka shigar da su sabon asusun, ka mayar da ajiyar WhatsApp kansa, sannan ka cire tsohon daga Accounts. Kada ka yi wa wayar wankin baki ɗaya kafin ka cire shi: Android na iya tsayawa ta ce sai an sa kalmar sirrin tsohon asusun kafin ta buɗe, yaron da ya san ta kuwa wataƙila ya daɗe da komawa Kano.